Kunya a Turance

Ni na kawo Zinatu kamfaninmu, kuma a shekarar farko duk wanda ya tambaya sai na faɗa masa haka tun kafin ya rufe baki. A shekara ta biyu na rage faɗa. A ta uku babu mai tambaya, don sababbin ma'aikata sun ɗauka ita ce ta kawo ni.

Sunana Lubabatu, amma a katin da nake ratayawa a wuya Luba aka rubuta, wai cikakken sunan ba zai shiga ba. Shekarata tara a wani kamfanin jigilar kaya mai rassa a ƙasashe hamsin da huɗu, ofishinmu yana hawa na bakwai a unguwar Aldwych, nan ƙasar Turawa. Aikina shi ne in tabbata kwantenar da ta tashi daga Rotterdam ta isa tashar ruwan Tema ko Apapa ko Kwatano ba tare da wani ya bugo waya yana zage-zage ba. Ba zan yi wa kamfanin butulci ba. Da za a yi wa maigidana Nata'ala aikin gwiwa, inshorar lafiyarsu ce ta kai shi gaban likita cikin sati biyu. Akwai fansho, akwai ɗakin salla mai kafet, akwai injin kofi da ya fi motarmu tsada. Idan na je Zariya, Inna ba ta iya faɗin sunan kamfanin, amma tana nuna wa maƙwabta lemar da suka ba mu mai ɗauke da tambarinsu. Sai dai a irin wannan wuri mutum lamba ne kawai. Babban shugaban sashenmu yana Chicago, sau uku muna gaisawa cikin shekara tara, kuma duk ukun sai da ya ce ya ji daɗin sanina a karon farko.

Zinatu 'yar Funtuwa ce. Mahaifiyarta, Hajiya Katumi, aminiyar Inna ce tun suna amare, don haka da yarinyar ta zo karatun digiri na biyu, ni aka damƙa wa amanarta. Wata huɗu ta yi a gidanmu a Dagenham. Ba ta taɓa zama kan kujera ba idan Nata'ala yana falo, ba ta taɓa kiran sunana gatsau ba, kullum Yaya Luba. Da ta gama karatu na gyara mata takardun neman aiki, na miƙa sunanta, na zaunar da ita a kicin na koya mata yadda ake magana da mutanen nan. Na ce ta kalle su cikin ido. Na ce idan ita ta yi abu ta ce ni na yi, kada ta ce mun yi. Ni da nake koyarwar har yau ban iya ba, bakina yana jin nauyin kalmar kamar ina yi wa Allah gori.

A kicin ɗin ne kuma na ba ta labarin wautata. A shekarata ta biyu, shugabana na lokacin a ofis ya rubuta a takardar tantancewar ƙarshen shekara cewa ni mai haƙuri ce, mai shiru-shiru, ba ni da hayaniya. Na dawo gida ina murna, har kaza na soya. Shekara huɗu na yi a kujera ɗaya ba a ƙara mini ko taki ba, sai da Sharon, wadda ta gaje shi, ta ja ni gefe ta bayyana mini cewa a wurinsu waɗannan kalmomi na nufin kada a ba wannan baiwar Allah jagorancin komai. Zinatu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Yaya, kenan abin da ake sa mana albarka da shi a gida, shi ake kashe mutum da shi a nan?" Na ce ta rubuta ta ajiye.

Ta fara aiki a teburin da ke kusa da nawa, kuma zan faɗi gaskiya, watannin farko sun yi mini daɗi. Shekara shida ina hawan nan ban taɓa yin Hausa da kowa ba, sai ga shi ina da wadda zan juya in ce wa, "Kin ga takalmin mutumin nan?" mu ƙunshe dariya. Tare muke saukowa daga jirgin ƙasa a tashar Temple, tare muke salla, tare muke cin abincin da na ƙunso.

Daga nan sai yarinya ta fara amfani da darasin da na ba ta.

A taro ana kallon juna ta bidiyo da mutanen Singapore da na Chicago, sai ka ji muryarta ta ce ba ta yarda da wannan lissafin ba, ga dalili. Ni in sunkuyar da kai a madadinta, su kuwa sai su gyaɗa kai suna rubutawa. Aka tura ta Dubai, ta kawo mini dabino da turaren wuta. Aka tura ta Rotterdam, ta kawo mini cuku. Ni da na yi shekara tara ina tura kwantena daga Rotterdam ban taɓa ganin garin ba sai a taswira. Suka sa mata suna Zee. Aka sa hotonta a shafin kamfani, da ɗankwalinta ruwan zuma, tana murmushi a gefen taga, ƙarƙashi an rubuta cewa irin waɗannan ne gobenmu. Ranar da mutumin Chicago ya zo, ya wuce ni ya miƙa mata gaisuwa da sunanta cikakke, har da tambayar lafiyar mahaifiyarta.

Hassada ce, ba sai wani ya faɗa mini ba. Ina son yarinyar nan, kuma ƙarar madannan kwamfutarta ma haushi take ba ni. Idan ta sa hoto a shafinta sai in ƙirga waɗanda suka yaba, in rufe, in sake buɗewa in ga ko sun ƙaru. Da ta kama flat ɗinta a Tottenham na je na taya ta jera kaya, na dawo ina gaya wa Nata'ala cewa tagogin ba su rufuwa da kyau.

"Ke dai faɗi gaskiya," in ji shi, yana miƙe ƙafarsa mai ciwo a kan kujera. "Tagogin ne suka dame ki?"

"To me zai dame ni? Ƙanwata ce fa."

"Shi ya sa na tambaya. Ku baro wannan kamfanin ku zo council, aikin ƙaramar hukuma, a can babu mai zuwa Dubai, kowa hankalinsa kwance."

Na ce masa ya ji da gwiwarsa.

A watan Maris aka ba da sanarwar cewa za a haɗe duk ayyukan Afirka ta Yamma a ƙarƙashin shugaba ɗaya. Kujerar da na yi shekara tara ina jira kenan. Mutum biyar suka nema, aka tace saura biyu, ni da Zinatu. Ta zo ta tsaya a kaina tana murza yatsu, ta ce Sharon ce ta matsa mata ta nema, idan ban so ba za ta janye. Na yi dariya da ƙarfi na ce wace irin magana ce wannan, rabo ai na Allah ne. Da ta juya na ji kamar in jefe ta da kofin hannuna, don tayin janyewar ya nuna ta san tana iya kayar da ni.

Kamfanin yana da wata al'ada. Duk mai neman babban matsayi zai ba da sunan abokan aiki uku, a aika musu da fom su rubuta ra'ayinsu a kansa. Ba a sa sunan marubuci, daga baya a tattara a ba mutum ya karanta abin da aka ce.

"Yaya, na yi submit," in ji Zinatu ranar Litinin muna alwala. "Sunanki na fara sawa."

"Ni da muke takara?"

"To wa ya san ni a nan kamarki?"

Ba yadda zan yi, ni ma na sa nata. Da ban sa ba da ta gane akwai wani abu a raina.

Fom ɗin ya iso ranar Alhamis. Na jira aka watse cin abincin rana, ita ma ta fita, na buɗe. Tambaya ɗaya ce babba: bayyana halayen wannan ma'aikaciya da yadda take aiki. Da farko na fara rubuta abin da ya kamata. Na rubuta yadda ta kwance rikicin kwantena goma sha ɗaya da suka maƙale a Tema, ta yi kwana uku tana waya da wani jami'i har ya gaji ya sa hannu. Na karanta, na ga kamar ina ɗaukar kujerar da hannuna ina miƙa mata. Na goge.

Ƙarya ba zan iya ba. Ba don tsoron Allah kaɗai ba, har da tsoron a kama ni. Ina zaune ina kallon farin akwatin nan sai na ji muryar Inna a kaina, irin yadda take yabon yarinya idan an zo tambayar halinta. Sai hannuna ya kama aiki. Na rubuta da Turanci cewa Zinatu yarinya ce mai kunya. Na rubuta cewa tana da haƙuri, komai aka yi mata ba ta ɗaga murya. Na rubuta cewa tana da kawaici, tana ganin abu ta kau da kai. Na rubuta cewa tana da ladabi, ba ta jayayya da na gaba da ita, ko zama ba ta yi sai an ba ta izini. Duk gaskiya ne, na gani da idona wata huɗu a gidana. Na san sarai abin da shy, wato mai kunya, ke nufi a kunnen mutumin Chicago, na san kuma idan aka mayar da maganar Hausa babu mai kama ni da laifi. Na danna, ya tafi. Na buɗe kwanon abincina na tarar ba na jin yunwa.

Da yamma na gaya wa Nata'ala, da Hausa, abin da na rubuta. Ya ce madalla, Allah ya saka mini da alheri, ashe ya zarge ni a banza. Wannan ya ƙara ɓata mini rai, na shiga kicin na yi ta buga tukwane.

Sati biyu aka yi ana jira. Zinatu ba ta canza komai ba. Har dambun nama ta kawo mini da aka aiko mata daga Funtuwa, ta ce rabin nawa ne. Na karɓa na ci, kuma ya yi daɗi.

Ranar Laraba Sharon ta kira ni ɗakin taro mai bangon gilashi, ta rufe ƙofa, ta ce an ba ni kujerar. Na yi godiya. Na daɗe ina tsara yadda zan ji a wannan lokaci, har rigar da zan sa in kira Inna na zaɓa. Sharon ta ce za ta faɗa mini gaskiya, da farko kwamitin ya fi karkata ga ɗaya 'yar takarar. Abu biyu suka juya shi. Na ɗaya, wani wanda da alama ya san ta ciki da waje ya rubuta cewa tana da kunya, ba ta iya ja da manya.

"Na yi mamaki," in ji Sharon. "Ban taɓa ganinta haka ba. Amma Chicago suka ce ba za su tura mai jin nauyin mutane ta yi fama da hukumomin tashar ruwa ba. Na biyun kuma wannan ne."

Ta turo mini takarda. Shafi biyu ne cur, abin da aka rubuta a kaina. Layin farko ya ce duk inda kuka ga Luba ta rubuta mun yi a rahotonta, ku karanta na yi, domin a inda ta fito ba a yabon kai. Daga nan aka jero. Jirgin ruwan da ya lalace a hanyar Kwatano da yadda na sauya wa kayan hanya cikin yini ɗaya. Abokin cinikin Abidjan da ya yi fushi zai tafi na dawo da shi. Tsarin bin diddigin kaya da dukan hawan ke amfani da shi, wanda kowa ya ɗauka daga Singapore ya zo, alhali ni na haɗa shi. Har da kwanan wata. Akwai abubuwan da ni kaina na manta na yi. A ƙarshe aka ce rikicin Tema da ake yaba wa wata a kansa, Luba ce ta ba ta lambar jami'in da kalmomin da za ta faɗa masa.

Mutum ɗaya ne ya san zancen Tema, kuma teburinta yana jikin nawa.

Na fito ana ta yi mini murna. Zinatu ta rungume ni a gaban kowa ta ce Allah ya taya riƙo. A lokacin ba a ba ta tata takardar ba tukuna.

Ranar Juma'a na shiga ɗakin salla da la'asar na same ta ita kaɗai, ta idar tana naɗe darduma. Na so in juya, amma ta riga ta gan ni.

"An ba ni feedback ɗina jiya," ta ce.

"To. Ina fata dai lafiya."

"Lafiya lau. Na kira Hajiya na karanta mata wani wuri, na fassara mata da Hausa. Har kuka ta yi. Ta ce ashe a ƙasar Turawa ma ana gane tarbiyya, wahalar da ta sha a kaina ba ta tashi a banza ba. Ta tambaye ni wa ya rubuta."

"Ai ba a sa suna."

"Ba a sa ba." Ta ɗora dardumar a kan 'yan uwanta, ta daidaita gefenta. "Kunya, haƙuri, kawaici, ladabi. A jere fa, Yaya, yadda ake faɗa wa dangin ango. Wa zai jera su haka a hawan nan? Sharon?"

Ban taɓa tunanin jerin ba. Na yi tunanin kowace kalma, na auna ta da Turanci na auna ta da Hausa, amma ban lura na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai karatun allo ba.

"Gaskiya na rubuta, Zinatu," na ce. "Nuna mini ƙarya ɗaya a ciki."

"Babu. Shi ya sa na gaya wa Hajiya ke ce. Ta ce za ta yi miki voice note, addu'a za ta yi miki." Ta ɗauki jakarta. "Da wani ne ya rubuta, da na ce bai sani ba. Amma ke kika ce in rubuta in ajiye, a kicin ɗinki, ranar labarin kaza."

Na jira ta yi faɗa. Da ta yi, da na samu abin kamawa, in ce yarinyar da na riƙe a gidana ce take ɗaga mini murya. Ba ta yi ba. Ta sa takalmanta a bakin ƙofa, ta ce a gaida Yaya Nata'ala da jiki, ta fita. Na tayar da salla na kasa tuna ko raka'a nawa na yi.

Saƙon Hajiya Katumi ya shigo ina cikin jirgi wajen Barking. Minti huɗu ne da 'yan daƙiƙu. Ta fara da cewa Lubabatu, 'yar albarka, yadda kika rufa wa 'yata asiri kika faɗi alherinta a gaban manya, Allah ya ba ki wanda zai faɗi naki. A nan na kashe.

Ranar Litinin na shiga sabon ofishina. Yana da ƙofa, yana da taga mai kallon motocin bas suna zagaye Aldwych, an riga an aiko mini da tikitin Rotterdam na wata mai zuwa. Mutumin Chicago ya turo saƙon taya murna, ya rubuta sunana daidai. Ƙarfe tara da rabi aka ƙwanƙwasa. Zinatu ce, riƙe da fayil, don yanzu a ƙarƙashina take aiki. Ta shigo, ta ja kujera ta zauna ba ta jira izini ba, ta kalle ni cikin ido yadda na koya mata.

"Good morning, Luba."

"Ina kwana, Zinatu," na ce. "Kin tashi lafiya? Ya gajiyar sati?"

Ta yi murmushi irin wanda take yi wa mutanen Singapore, ta buɗe fayil, ta fara bayanin kwantenonin Apapa da Turanci. Na sake jefa mata wata magana da Hausa, ta amsa da Turanci. Da ta gama ta tambaya ko akwai wani abu, na ce babu, ta fita ta ja mini ƙofar a hankali.

Wata bakwai kenan. Aikinta babu abin kushewa, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Ba ta dai ƙara yi mini Hausa ba.